Ga Ƙannena Da Aka Ba Bayoloji A Yerwa

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu a Jami'ar Maiduguri suka fito, akwai gidajen da ake rangaɗa guɗa, akwai kuma gidajen da ake murnar da ba ta kai ciki ba. A irin gida na biyun ne na tarar da 'yar yayata wata ranar Juma'a bayan la'asar, tana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, waya a hannu, ido ya yi ja. Na ce, "Ke, lafiya? Ba ki samu ba ne?" Ta ce, "Na samu, Kawu. Likitanci na nema, Bayoloji aka ba ni." Ta faɗe shi ƙasa-ƙasa kamar mai sanar da rasuwa. Uwarta daga bakin murhu ta ce, "To, Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri." Tun tana aji biyar na sakandare mutanen layinsu suke kiran ta Dakta, kuma nauyin wannan sunan ne ya danne ta a ranar.

Ni ma ta wannan ƙofar na shiga ilimin halittu shekaru da dama da suka wuce, shi ya sa na san ciwon, na kuma san abin da yake haifarwa idan ba a yi maganinsa da wuri ba. Ɗalibin da ya shiga aji da ƙafa ɗaya a waje ba ya jin abin da ake faɗa a ciki. Shekarar farko ta ƙare masa a neman canjin sashe, ta biyu a sake rubuta JAMB a ɓoye, sai a aji uku ya farga cewa makinsa ya zube, ga keri-oba biyu ko uku suna bin sa, ga likitancin bai samu ba. Idan har zuciyarka ta kafe a kan likitanci, zauna da iyayenka ku yi magana ta gaskiya, ku yanke shawara sau ɗaya, ka sake jarrabawar da sanin kowa. Idan kuwa ka karɓi Bayoloji, to karɓe shi da hannu biyu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ranar da na daina makokin likitanci ina iya tuna ta. Firaktikal ne na zangon farko. An ce kowa ya zo da ruwan kududdufi a kwalba, na ɗebo nawa a wani rami da masu bulo suka bari, ruwa kore shar mai ƙarni. Na ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, na rufe da ɗan siririn murfinsa, na sa a ƙarƙashin maikuroskof. Da farko ban ga komai ba sai hazo da inuwar gashin idona. Ma'aikacin ɗakin gwajin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya zo ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙaramin makunnin, ya ce, "A hankali, ɗana. Ba rediyo kake murɗawa ba." Na murɗa kaɗan-kaɗan, sai hazon ya yaye. Wata halitta mai siffar tafin takalmi ta gilma a guje, jikinta duk gashi yana kaɗawa kamar ana tuƙa kwale-kwale. Ta ci karo da wani zaren gansakuka, ta ja da baya, ta juya, ta canza hanya. Ƙwayar halitta ɗaya tal, ba ƙwaƙwalwa, ba ido, amma ta san ta ja da baya ta sake hanya. Na daɗe a sunkuye har na bayana ya fara taɓa ni a kafaɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne subhanallah. Sunanta Paramecium, kuma na haddace sunan tun a sakandare na ci jarrabawa da shi, amma sai a ranar na san ta.

Tsakanin haddace suna da sanin abu akwai tafiya mai nisa, kuma wannan tafiyar ita ce karatunku. A jami'o'in ƙasar nan ɗalibai sun fi kayan aiki yawa, kowa ya sani. Saboda haka da yawa sukan tsaya a bayan aji su kwafi zanen wanda ya leƙa, su miƙa littafi, a sa musu maki. Kada ku yarda da wannan cinikin, ku ake cuta. Ku zo da wuri, ku jira layinku, ku leƙa da idonku, ku zana abin da kuka gani ko da bai yi kyan na littafi ba. Ku koyi yanka ganye siriri da reza har haske ya ratsa shi. Ku koyi shafa jini a gilashi ku rina shi da Giemsa har ku iya gane ɗan zoben ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jan ƙwayar jini. Ku koyi rinin da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, wanda har yau shi ake fara yi a raba ƙwayoyin bakteriya gida biyu, masu riƙe shuɗi da masu komawa ja. Ku kuma girmama ma'aikatan ɗakin gwaji, ku gaishe su da ladabi, ku taya su wanke kwalabe. Lakcara zai ba ku bayani, amma sau da yawa hannu a wurinsu ake samun sa.

Abin da na fi so ku gane shi ne inda Allah Ya ajiye ku. Yawancin littattafan da za ku karanta an rubuta su ne a Ingila ko Amurka ko Indiya, misalansu na itatuwa da dabbobin can ne. Sai ɗalibi ya ɗauka ilimin halittu abu ne da yake faruwa a wata ƙasa. Alhali jami'ar nan da aka kafa a 1975 a kan hanyar Bama tana zaune ne a bakin ɗaya daga cikin wuraren da masana na duniya suka fi zuba wa ido. Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan, kuma har yau yana cika yana ja da baya gwargwadon abin da kogin Shari ya kawo masa. Kowace halitta da ke wannan yanki, daga kifi zuwa dawa zuwa mutum, ta koyi zama da ruwan da ba shi da alƙawari.

Ku dubi gaiwa. Idan fadama ta fara ƙafewa, sauran kifaye su mutu ko su bi ruwa, ita sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da majina ta lulluɓe kanta da ita har ta bushe ta zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, domin tana da huhu. Haka za ta kwanta wata da watanni, bugun zuciyarta ya ragu, ba ci ba sha. Hausawa suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma binciken masana ya tabbatar da maganar, domin naman jikinta take narkarwa kaɗan-kaɗan ta rayu da shi. Dattin da zai zama guba a jikinta kuma sai ta juya shi zuwa sinadarin yuriya ta tara, sai ruwa ya dawo ta zubar. Duk abin da za a koya muku a aji biyu da uku game da numfashi da aikin ƙoda da sarrafa abinci a jiki yana cikin wannan kifin guda, wanda masunta suke tonowa da fartanya. Masana suna kiran ta Protopterus annectens. Ku riƙe sunan nan don jarrabawa, amma ku je ku tambayi masunci yadda yake gane inda take kwance a busasshiyar ƙasa.

Ko ku dubi masakwa, dawar da manoman Dikwa da Marte da Ngala suke dasawa a baƙar ƙasar firgi bayan damina ta ɗauke. Ba ruwan sama, ba ban-ruwa, sai danshin da yumɓu ya riƙe, amma a tsakiyar hunturu a girbe ta. Yaya saiwarta take bin ruwa ƙasa? Yaya ganyenta yake tsuke ƙofofinsa da rana? Ga gawo da yake zubar da ganye da damina ya tofo da rani, gero ya yi kyau a gindinsa. Ga ƙuduji da yake kwana shekaru a ƙasa yana jiran ya ji sinadarin da saiwar dawa take fitarwa kafin ya tsiro ya kama ta. Ga jan-baki da suke sauka a gona kamar hadari. Ga dakwara da ƙaronta yake tafiya har masana'antun lemo da magani na Turai. Darbejiyar da ta yi wa Maiduguri rumfa, wadda kuke karatu a inuwarta idan zafin Afrilu ya haura digiri 40, ita kanta baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, zamanin Turawa aka kawo ta, kuma ɗacin 'ya'yanta yana ɗauke da sinadarin da yake hana ƙwari ci da girma. A cikin garin nan kuma akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, wadda aikinta inganta irin gero da alkama da sha'ir. Ɗalibi nawa ne a cikinku ya taɓa taka ƙafa can ya yi sallama ya ce yana so ya ga yadda ake haɗa auren iri?

Wata rana ku shiga kasuwar kifi ta Tashar Baga, ba don saye ba. Ku nemi izinin mai kaya cikin ladabi, ku ce, "Baba, ɗalibi ne ni, ina so in duba." Ku ɗauki banda ɗaya da ta kwana biyu a kwali, ku ɓare ta ta wajen ƙaya. Sau da yawa za ku ga gari-gari yana zuba, da wasu tsutsotsi masu gashi suna ɓuya, da ɗan baƙin ƙwaro. Wannan ƙwaron, Dermestes, shi ne babban ɓarawon 'yan banda, yana cinye naman ya bar fata da ƙashi. Saboda tsoron asara wasu sukan yayyafa wa kifin fiya-fiya, maganin da aka yi don kashe ƙwari, ba don cikin mutum ba, kifin kuma ya wuce har Anaca da Legas ya shiga tukunyar mutane. Ga matsala a gabanku mai ƙafa shida. Kwana nawa ƙwansa yake yi kafin ya ƙyanƙyashe a zafin Maiduguri? Gishiri yana rage shi? Ƙarin bushewa fa? Garin 'ya'yan darbejiya ko barkono fa, kuma zai ɓata ɗanɗanon kifin? Wannan furojet ne na aji huɗu da za a iya yi da kwalabe ashirin da ma'auni da haƙuri, kuma amsarsa za ta amfani mutumin da kuka gaisa da shi da hannu.

Tunda na ambaci furojet, bari in faɗi abin da yake ci mini rai. Sayen furojet ko kwafo na wani daga intanet a canza sunan gari ya zama ruwan dare, har wasu ba sa ganin laifinsa. Ƙanena, ƙanwata, wannan ita ce dama ɗaya tak a shekara huɗu da za a ce maka ga tambaya, je ka nemo amsa da kanka. Wanda ya sayar da ita ya fita da takarda, amma bai taɓa zama masanin kimiyya ko na yini ɗaya ba. Mafi muni shi ne ƙirƙiro alƙaluma. Idan ka auna samfuri talatin, rubuta talatin. Idan sakamakon bai fito yadda kake fata ba, rubuta yadda ya fito, shi ma sakamako ne. Amana ce, kuma wata rana a kan irin lambobin da kuke rubutawa za a yanke shawarar rijiyar da za a rufe ko maganin da za a raba wa yara.

Ba da wasa na faɗi haka ba. A watan Agustan 2016, bayan shekara biyu ba a ga ƙwayar shan-inna ta daji a Najeriya ba, sai aka same ta a jikin yara a Jere da Gwoza. Borno ce wuri na ƙarshe da aka gan ta a duk nahiyar Afirka, kafin a ayyana nahiyar ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020. Ɗaya daga cikin ɗakunan gwaji biyu na ƙasar nan da ake kai samfurin bayan-gidan yara don neman wannan ƙwayar yana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ɗayan yana Ibadan. Mutanen da suka zauna shekara da shekaru suna shuka samfuri a ƙwayoyin halitta suna leƙawa ba a san fuskokinsu ba, ba a kiran su a rediyo, amma ba don su ba da ba a san inda cutar ta ɓuya ba. A 2017 amai da gudawa ya ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garej. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monde da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya cinye gidan namun daji na Sanda Kyarimi har kadoji da macizai suka fita cikin gari, kuma ba a jima ba, a watan Oktoba, aka sanar da ɓullar kwalara. Likita yana jiran mara lafiya a gado. Amma wani ne zai ɗebo ruwan rijiya da na 'yan garuwa ya gwada, wani ne zai bi kududdufai ya ƙirga tsutsar sauro, wani ne zai duba katantanwar bakin kogin Ngadda ya ga ko tana ɗauke da tsargiya. A 2020 an gano wani sauro ɗan asalin Asiya, Anopheles stephensi, a jihar Gombe, maƙwabciyarmu. Shi wannan ya saba da birni, a tankin ruwa da randa yake hayayyafa. Wanda zai gane shi idan ya iso sai wanda ya koyi bambance sauro da sauro a ƙarƙashin madubi.

Akwai darasin da zai bi ku har gida, wato ilimin gado. Lissafin da Mendel ya fitar a 1866 daga shukar wake shi ne lissafin sikila. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba, domin ciki ba ya tuna na gabansa, ana iya jera uku masu ciwon a ɗaki ɗaya. Ku fahimci wannan sosai har ku iya bayyana wa gwaggonku shi da tsakuwa huɗu a kan tabarma, cikin tausasawa, kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba bayan an sa rana ba.

Za ku kuma haɗu da darasin sauyawar halittu da sunan Darwin, kuma na san yadda zukata suke ɗar-ɗar da shi. Wasu su ƙaurace wa ajin, wasu su haddace su zubar a takarda suna istigfari. Shawarata ita ce ku zauna ku fahimci abin da ake faɗa daidai yadda yake, domin ba a karɓa ko a ƙi abin da ba a fahimta ba. Wani sashe nasa a gaban idonmu yake faruwa. Kulorokwin da iyayenmu suka sha ya daina aiki saboda ƙwayoyin da suka jure masa su ne suka rayu suka hayayyafa, har Najeriya ta sauya maganin zazzaɓi a 2005. Haka sauro yake yi wa maganin gidan sauro, haka bakteriya take yi wa kafso ɗin da ake sha ba ƙa'ida. Tambayoyin da suka shafi aƙida kuma ku kai su wurin malamai masu zurfi da natsuwa, ba zauren musu na hostel ba.

Kada ku guji lissafi. Da yawa sun zo Bayoloji suna murna sun tsere masa, sai suka tarar da Kemistiri da kididdiga suna jiran su a bakin ƙofa. Ku koyi Excel tun a aji ɗaya, idan hali ya yi ku taɓa manhajar R, kyauta ake sauke ta. Lokacin SIWES kuma, wato fita koyon aiki a ma'aikatu, kada ku nemi inda za a sa muku hannu kuna gida. Ku nemi inda za a gajiyar da ku.

Fita daji neman samfuri kuwa, a nan ba a yin gaban kai. A watan Yulin 2017 an yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri, da ma'aikatan jami'ar nan a ciki, an rasa rayuka. Kada ɗayanku ya wuce inda sufabaizansa da hukuma suka amince, komai kyan tambayar. Cikin gari da kewayensa akwai abin da zai ishe ku.

Na san tambayar da take bakinku, domin ita 'yar yayata ta yi mini a ranar: "To Kawu, in na gama aikin me zan yi?" Ba zan ɓoye muku ba, digirin Bayoloji ba ya zuwa da kujera a ɗaure kamar na likita ko na mai haɗa magani. Ba zai ba ku lasisin aikin gwajin asibiti ba, wannan yana da nasa karatun da tasa hukumar. Koyarwa tana buƙatar ƙarin difloma ta ilimi da rajistar malamai, kuma aiki ne mai daraja a jihar da yaƙi ya rushe mata makarantu. Akwai cibiyoyin bincike, da hukumomin lafiya da na muhalli da na kula da abinci da magunguna, da ƙungiyoyin agaji masu neman wanda ya iya tattara bayanai ya gwada ruwa, akwai kiwon tarwaɗa da ƙyanƙyasarta ga mai son dogaro da kai, akwai digiri na biyu ga mai son zurfi. A duk waɗannan wuraren abin da ake tambaya bayan an duba takarda shi ne, me ka iya yi da hannunka?

Kafin in bar gidan yayata a ranar, na aiki yaro kanti ya sayo littafin rubutu mai bango mai ƙarfi da fensir. Na ce mata ta rubuta kwanan wata a shafin farko, ta ɗaga kai ta dubi darbejiyar da take zaune a gindinta tun tana rarrafe, ta rubuta abin da ta gani. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce ganyen ba ɗaya-ɗaya suke ba, jere suke biyu-biyu a kan tsinke, kuma kowanne gefensa ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ta matsa kusa da kututturen ta ce ga wasu tururuwa suna hawa da sauka a layi ɗaya, masu saukowa cikinsu ya fi na masu hawa kumbura. Ta tambaye ni me suke ɗebowa a sama. Na ce ta ɗauko kujera ta hau ta duba.